Fitsarin Yini da Kwana: Abin da Yake Gaya wa Likita Game da Hular Ƙoda

 

Yau shirin lafiya zai tsaya a kan wani gwaji da likita kan rubuta, mutum ya karɓi takarda ya fito yana mamaki. Wai a ba shi bido, ya je masauki ya tara fitsarinsa na yini da kwana, ya kawo. Da yawa kunya kan kama su, su cusa takardar a aljihu shi ke nan. Waɗansu kuma kan cika ƴar kwalba da safe su kawo, su ce ai fitsari fitsari ne. A takardar, da yake Faransanci ake rubutawa a asibitocin Aljeriya da Nijar, za ka ga an sa cortisol libre urinaire, ko a taƙaice CLU. Za mu bi shi daki-daki: me ake nema, wa ya kamata ya yi, yaya ake tarawa, kuma me ya haɗa shi da ƙwayoyin da ke yawo a kasuwanninmu da jakunkunan makiyaya.

Hular ƙoda da aikinta

Kowane mutum yana da ƙoda biyu. A saman kowacce akwai wata ƴar tsoka zaune kamar hula, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. A takardar likita sunanta surrénale. Mu a nan za mu kira ta hular ƙoda. Dabbobi ma suna da ita. Mai fiɗa da ya lura zai same ta cikin kitsen da ke kusa da ƙodar rago ko sa.

Wannan ƴar tsoka tana zuba sinadarai cikin jini, babbansu shi ne kotizol. Shi ke riƙe sugan jini kada ya faɗi idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba. Shi ke taimaka wa jini ya riƙa bugawa da ƙarfin da ya dace. Shi ke kwantar da kumburi. Kuma duk lokacin da jiki ya shiga wuya, ko zazzaɓi, ko rauni, ko ƙishirwa a tsakiyar sahara, ko firgita, hular ƙoda kan ƙara zuba shi don mutum ya jure. In babu shi kwata-kwata, rai ba ya tsayawa.

Hular ƙoda ba gaban kanta take yi ba. Akwai wata ƴar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake, ita ce madugu. Ita ke aika saƙo ta cikin jini ta ce a ƙara ko a rage. In ta ji kotizol ya wadata a jini, sai ta yi shiru. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Wani abu kuma: kotizol yana bin agogo. Da sassafe yana sama, da rana yana sauka, wajen tsakar dare ya kai ƙasa. Bugu da ƙari, ba a miƙe yake fita ba, tsartuwa yake yi lokaci-lokaci. Don haka in an ɗebi jini sau ɗaya da azahar, kamar a tsaya bakin rijiya minti biyar ne a ce an san yawan garken da ya sha ruwa ranar. Mai son sanin gaskiya sai ya zauna tun safe har wata safiyar yana ƙirge. Wannan shi ne aikin fitsarin awa 24. Ɗan kaɗan daga kotizol ɗin da ke yawo a jini yana fita ta ƙoda, to in an tara na yini da kwana duka, likita zai ga jimillar abin da jiki ya yi.

Idan ya yi yawa

Babban dalilin yin wannan gwaji shi ne a gano ko kotizol ya yi wa jiki yawa. Ciwon ana kiransa Kushin, daga sunan wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, wanda ya fara bayanin wata mai irinsa a 1912, sannan a 1932 ya nuna yadda yake da alaƙa da waccan ƙwaya ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Alamominsa ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Fuska ta cika ta yi da'ira. Ciki ya fito, kitse ya taru a ƙeya da kafaɗu, amma hannuwa da ƙafafu su rame. Fata ta yi sirara, abu kaɗan ya taɓa ta sai jini ya kwanta, gyambo ya ƙi warkewa. Nankarwa mai faɗi ta fito a ciki da cinya da hammata, faɗinta ya fi na yatsa. Cinyoyi su mutu: mutum ya tsuguna ya kasa tashi sai ya dafa, ko ya kasa hawa bayan mota da dā yake hayewa da tsalle ɗaya. Sai hawan jini da ciwon suga su biyo baya tun mutum yana da ƙuruciya. Ƙashi ya yi taushi har gadon baya ya riƙa ciwo ko ya karye ba tare da wata faɗuwa ba. Mace al'adarta ta rikice, gashi ya fito mata a haɓa. Yaro kuwa ya riƙa ƙiba amma tsawo ya tsaya.

Irin wanda ke tasowa daga cikin jiki ba shi da yawa, mutum biyu ne ko uku cikin miliyan a shekara, kuma ya fi kama mata. Kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan, wani ɗan ƙari ne ke fitowa a ƙwayar ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya sa ta riƙa ba da umarni ba hutawa. Sauran kuwa ƙari ne a hular ƙodar kanta, ko a wani wuri kamar huhu. Yana da magani. Sau da yawa tiyata ake yi, kuma na ƙwaƙwalwa ta hanci ake bi a ciro shi. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne, ga shi tsakanin Tamanrasset da birnin Alje kusan kilomita 2,000 ne. Ka ga ke nan ba a tura mutum wannan doguwar tafiya a kan zato. Sai gwaji ya tabbatar, kuma gwajin farko sau da yawa shi ne wannan bidon da ake jin kunyarsa.

Ƙiba ta kasuwa

Amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A duniya baki ɗaya, kuma a nan yankinmu musamman, yawancin masu alamomin Kushin ba ƙari gare su ba. Ƙwaya ce suka sha, ko allura, ko mai da suke shafawa.

A 1948 ne aka fara ba wata mai ciwon gaɓoɓi maganin kotizon a asibitin Mayo da ke Amurka, ta tashi ta yi tafiya bayan ta daɗe a kwance. A 1950 aka ba mutum uku lambar Nobel a kan wannan aiki: Kendall da Hench da Reichstein. Daga nan aka ƙera dangoginsa masu ƙarfi. Ku duba bayan kwali, za ku ga Dexamethasone, Prednisolone, Betamethasone, ko sunayen kanti irin su Solupred, Cortancyl, Célestène, Diprostène da Kenacort. A mayukan shafawa za ku ga Clobetasol ko Betamethasone. Magunguna ne masu daraja ƙwarai a hannun likita. Suna ceton mai asma, suna ceton mai kumburin da ke neman toshe numfashi. A watan Yuni na 2020, binciken jami'ar Oxford a Ingila ya nuna Dexamethasone ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Laifin ba na maganin ba ne, na yadda ake shansa ne.

To yaya ake shansa a wajenmu? Amarya ana son ta cika kafin biki, sai a kawo mata abin da ake kira sha-ka-fashe, wanda sau da yawa Deksa ce, ita kaɗai ko haɗe da maganin buɗe ciki. Mai dako ko direba gaɓoɓi sun dame shi, sai a ba shi haɗin ƙwayoyi a ƙullin leda, ya ji garau, gobe ma ya koma. Wani duk wata sai an yi masa allurar gwiwa ko ta mura. Wata kuma shekara da shekaru tana shafa man sauya fata daga fuska har ƙafa, fatar na tsotsewa tana kaiwa cikin jini. Har a cikin waɗansu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan gargajiya an sha samun an daka waɗannan ƙwayoyi an zuba.

Ku ji ƙarfinta. Deksa ta ninka kotizol ɗin jiki ƙarfi sau 25 ko fiye. Ƙwaya ɗaya tak ta rabin miligiram ta kai kwatankwacin abin da jikin babban mutum ke yi a yini guda. To ina ga mai shan biyu safe biyu dare, wata da watanni? Abin da ake gani a ce ƙiba, ruwa ne da kitse a inda ba a so, naman jiki kuwa narkewa yake yi.

Ga kuma inda haɗarin ya fi girma. Mun ce ƙwayar ƙarƙashin ƙwaƙwalwa in ta ji kotizol ya wadata shiru take yi. Ba ta bambanta na jiki da na kanti. Mutum ya sha ƙwaya fiye da mako uku ko huɗu, madugu ya daina aike, hular ƙoda ta kwanta barci. Ranar da ƙwayar ta ƙare, ko aka ji tsoro aka watsar da ita lokaci guda, jiki zai wayi gari ba na kanti ba nasa. Sai amai, ciwon ciki, jiri, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya suma. A cikin gari ana iya ceto shi da allurar Hydrocortisone da ƙarin ruwa. Amma a ce abin ya same shi tsakanin Tamanrasset da In Guezzam, tafiyar kilomita wajen 400, ko a yashin da ke tsakanin Assamaka da Arlit, wa zai kai shi? Saboda haka duk wanda ya ji wannan shiri ya gane yana cikin masu sha, kada ya daina yau. Ya ɗauki kwalin ko ledar ya kai wa likita, a tsara masa yadda zai rage sannu a hankali har hular ƙodar ta farka. Wani makonni ne, wani watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya haɗa wannan da gwajin fitsari shi ne: Deksa ba ta fitowa a gwajin a matsayin kotizol. Mai shanta zai zo da fuska cike, ciki a gaba, amma sakamakonsa ya nuna kotizol ƙasa ƙwarai, domin nasa na jiki ya tsaya. Prednisolone kuma takan ruɗi waɗansu na'urori ta sa lamba ta hau. In ka ɓoye wa likita abin da kake sha, kuɗinka ka zubar, shi kuma ka sa shi laluben duhu. Tambayar farko da zai yi maka kafin ya rubuta gwaji ita ce me kake sha, me kake shafawa, wace allura aka yi maka. Ki faɗi gaskiya, Hajiya, ko da man fuska ne. Ka faɗi gaskiya, Alhaji, ko da ƙullin tasha ne. Sau da yawa amsar nan kaɗai ta isa, ba sai an kai ga bido ba.

Yadda ake tarawa

In likita ya ga ya dace a yi, ga yadda ake yi.

Da farko ka je ɗakin gwaji ka tambaya. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan ba. Waɗansu karɓa suke yi su aika wani gari, don haka suna da ranakun da suke karɓa. Ka tuna hutun mako a Aljeriya Juma'a ne da Asabar, a Nijar kuwa Asabar da Lahadi. Ka tsara yadda safiyar da za ka gama za ta faɗo ranar aiki. Su za su ba ka bido mai cin lita 2 ko 3. Kada ka ɗauko tsohon bidon mai ko na man fetur. In ka ga wani gari ko ruwa a ƙasan wanda suka ba ka, kada ka zubar, na hana lalacewa ne, kuma kada ya taɓa jikinka.

Ranar farawa, in ka tashi da asuba, ka je ka yi fitsari a bayi kamar kullum. Wannan na farko ba a tara shi, domin na daren jiya ne. Amma ka duba agogo ka rubuta lokacin, mu ce ƙarfe 6. Daga nan duk fitsarin da ya zo, na rana, na yamma, na tsakar dare, a cikin wani tsabtataccen mazubi za ka yi ka juye a bido. Washegari ƙarfe 6 daidai ka yi na ƙarshe, ko ba ka ji ya matse ka ba, ka zuba. Awa 24 ta cika.

In za ka zaga bayan gida, ka fara yin fitsarin a mazubi tukuna. Ruwan tsarki kada ya shiga ciki. Bidon a rufe shi ruf, a sa a leda, a ajiye wuri mai sanyi, nesa da yara da wurin salla. Firigo ya fi, in akwai. In babu, akwatin sanyi da ƙanƙara. Tamanrasset tana kan tudu, sama da mita 1,300, tana da ɗan sauƙin zafi, amma a In Guezzam da bazara zafi kan haura digiri 40, fitsarin da aka bari a rana ko a cikin mota lalacewa yake yi. Da ka gama ka kai shi a safiyar, duka, kada ka rage.

In ka manta sau ɗaya ka yi a waje, kada ka rufe ka yi shiru. Ka zubar, ka karɓi wani bidon ka sake wata rana. Masu gwaji suna auna yawan fitsarin, suna kuma auna wani sinadari mai suna kiriyatinin da ke nuna ko an tara duka, amma gaskiyarka ta fi saurin warware matsala.

Wannan ba aikin kan hanya ba ne. Ba a yinsa a bayan babbar mota, ba a yinsa ranar shayar da garke, ba a yinsa a tsakiyar hada-hadar Assihar. Ka ware kwana biyu ko uku a gari. Mun ce biyu ko uku domin likitoci ba sa yanke hukunci da tari ɗaya. Kotizol na yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba, don haka aƙalla sau biyu ake so.

Abin da ke karkatar da sakamako

Shan ruwa fiye da kima, kamar lita 5 ko sama a yini, yana sa lamba ta hau ba tare da ciwo ba. Wannan ya shafe mu, mu mutanen zafi. Ranar gwaji ka zauna a inuwa ka sha ruwa daidai ƙishirwarka, kada ka ɗura don bido ya cika, kada kuma ka ƙi sha don kunyar yawansa.

Ciwon ƙoda yana sa lambar ta faɗi, ko da kotizol ya yi yawa a jini. Juna biyu yana ɗaga ta. Haka zazzaɓi, da rauni, da aikin ƙarfi mai tsanani, da shan giya, da matsananciyar damuwa, da sugan da ba a kula da shi ba. Mace ta bari sai ta gama al'ada. Mai shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka ya faɗa wa likita.

A takardar sakamako za ka ga lambarka, a gefe kuma iyakar da wannan ɗakin gwaji ya ɗauka daidai. Iyakar takan bambanta daga wuri zuwa wuri, har ma'aunin ma iri biyu ne, don haka kada ka ɗauki takardar Tamanrasset ka gwada da ta maƙwabcinka da aka yi a Yamai ko Kano. In lamba ta ninka iyaka sau uku ko fiye, likita zai ɗauki abin da gaske. In ɗan haurawa ta yi, akan sake, ko a haɗa da wani gwajin. Akwai na yawu da ake ɗiba wajen tsakar dare. Akwai wanda ake ba mutum Deksa miligiram 1 ya sha ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini ƙarfe 8 na safe a ga ko kotizol ya sauka. Direban da ke kwana tuƙi yana barcin rana, agogon jikinsa ya juye, gwajin yawun dare ba zai yi masa daidai ba. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma gwajin jini kan ba da lambar ƙarya a kanta, na fitsari ya fi dacewa da ita. Shi ya sa zaɓin gwaji aikin likita ne.

Abin da gwajin ba ya nunawa

Yanzu ana ta talla a Facebook da WhatsApp, wai in kana yawan gajiya hular ƙodarka ce ta gaji, ka yi gwajin fitsari ka sayi maganinsu. Likitocin wannan fanni ba su san wani ciwo mai wannan suna ba. Gajiya tana da iyaye da yawa, kuma a wajenmu waɗanda za a fara nema su ne zazzaɓin cizon sauro ga wanda ya fito daga kudu, ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, da bakkale da ake ɗauka daga ɗanyen nono ko wajen karɓar haihuwar dabba. Waɗannan gwajinsu ya fi sauƙi, ya fi araha.

Akwai dai ciwon ƙarancin kotizol na gaskiya. Wani likita a Landan, Thomas Addison, shi ya yi bayaninsa a 1855, ana kiransa da sunansa, ciwon Adison. Da yawa daga marasa lafiyar da ya gani tarin fuka ne ya cinye musu hular ƙoda, kuma har yau a ƙasashenmu tarin fuka yana cikin manyan dalilansa. Alamominsa: rama, kasala, jiri in an miƙe tsaye, kwaɗayin gishiri, yawan tashin zuciya, da duhun da ke ƙaruwa a zanen tafin hannu da dasashi da tsofaffin tabo. Amma wannan ba da fitsarin awa 24 ake gano shi ba, domin gwajin ba ya rarrabe ƙarancin da kyau. Jini ake ɗiba da safe wajen ƙarfe 8, in da hali a yi wata allura a sake ɗiba a ga ko hular ƙoda ta amsa. To kada wani ya karɓi kuɗinka a kan bido alhali ramewa kake yi.

Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin, ko na Adison ko na bayan doguwar shan ƙwaya, likita zai sa shi a kan Hydrocortisone kullum. Ga mai tafiya, wannan magani kamar salkar ruwa ne. Ka ɗauki fiye da kwanakin da ka ƙiyasta, domin mota na lalacewa, iyaka na rufewa. Ka raba shi gida biyu, rabi a aljihu rabi a jaka. Ka riƙe takardar likita saboda duwan. Ka gaya wa abokin tafiyarka. In zazzaɓi ya kama ka, jiki na bukatar ƙari, ka tambayi likita tun kafin ka tashi nawa za ka ƙara. In amai ya hana ƙwaya zama a ciki, allura ake bukata nan take, ba a jira gari ya waye. Kafin watan azumi ma ka je ka gan shi, domin doguwar ƙishirwa na da haɗari ga mai wannan larura.

Kalma ga makiyaya

Kwalbar Deksa ta dabbobi tana cikin jakar makiyaya da masu kiwon turke da yawa. Tana da amfaninta in likitan dabbobi ya ce a yi. Amma ku sani, in an yi wa saniya ko tunkiya mai tsohon ciki, tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Tana rufe ciwo: dabba ta miƙe ta ci abinci alhali cutar na ci gaba a ciki, garkuwar jikinta kuma ta yi rauni. Mai yi wa rago ita gab da Layya don ya yi ɓul-ɓul a kasuwa, ya cuci mai saye, ya kuma ɓata sunan garkensu. A jikin kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, a kiyaye su. Sannan ko kusa kada mutum ya yi wa kansa ko ɗansa allurar dabba don ciwon baya ko don ƙiba.

Ƴan kasuwa kuma, ku da kuke haɗa kaya tsakanin Tamanrasset da Agadas har zuwa Damagaram da Kano, waɗannan ƙwayoyi da mayuka na takardar likita ne. Ribar kwali ɗaya ba ta kai ƙashin bayan ƴar mutane ba. Iyaye mata da ke shirya amare, a ba yarinya abinci, fura da nono da dabino da nama, a bar ta da jikin da take da shi.

Lokaci ya cim mana. Wanda aka rubuta wa gwajin nan ya cire kunya ya yi shi yadda ya kamata: a zubar da na farko, a tara saura duka, a ajiye a sanyi, a kai da wuri. Mai shan ƙwaya ya kai kwalinsa asibiti kafin ya daina. Wanda ya ji wannan shiri kuma ya isar wa na ruga da bai ji ba. Allah ya ba mu lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.